Asalin Kufan Turawa a Zungeru

Matafiyin da ya tashi daga Minna ya nufi Tegina zai ratsa ta Zungeru, kuma da wuya ya yarda cewa daga wannan ɗan gari aka taɓa mulkin Arewa baki ɗaya. Ga yadda abin ya samo asali. Ranar 1 ga Janairu 1900 Gwamna Lugga ya kafa tutar Ingila a Lokoja, ya karɓi ƙasar daga hannun kamfanin ciniki na Neja. Ya zauna a Jebba, amma zaman bai yi masa ba, don hankalinsa na kan masarautun da bai riga ya ci ba. A 1902 ya ɗauko hedikwatarsa ya kawo ta Zungeru, a bakin Kogin Kaduna. Jiragen ruwa na hawowa da kaya har Barijuko, daga can wani ƙaramin jirgin ƙasa ya ƙarasa da su. Aka gina bariki da ofisoshi da gidan gwamna. Shekara na zagayowa Kano da Sakkwato suka faɗi.

Zungeru ba ta daɗe tana cin moriyar ba. Zafi da sauro suka gallabi Turawa, dogo kuma ya isa Kano a 1911, sai kogi ya rage daraja. Kafin 1917 ta ƙare gwamnati ta tattara ta koma Kaduna. Har gadar ƙarfe ta masu tafiya a ƙasa, wadda aka kafa a 1904, sai da aka kwance ta aka bi su da ita. Tana nan yau a lambun Gamji. Aka bar wa Zungeru ginshiƙai da kangaye da kaburburan Turawa, ciyawa na cinye su.

Wasu na cewa, me za a je gani a kufan mutanen da suka zo da bindiga? Gara ƙasa ta shanye shi. Maganar tana da nauyi, domin a zamanin da ake mulki daga nan ne aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, aka kuma shafe garin Satiru a 1906. Sai dai ziyara ba yabo ba ce. Wanda ya tsaya a filin ya ga ƙanƙantarsa zai fi mai karatu a aji gane cewa Turawan 'yan kaɗan ne, kuma da sojoji da 'yan dako da akawuna na ƙasar nan suka yi aikinsu. Ɗaya daga cikin akawunan shi ne mahaifin Nnamdi Azikiwe, shi ya sa aka haifi shugaban Nijeriya na farko a Zungeru a 1904. Masu cewa ba kuɗin gyara kufan kuwa, su dubi madatsar ruwa mai megawat 700 da aka gina a gefen garin. Gwamnatin da ta iya wannan ba za ta rasa kuɗin shinge da allon bayani da albashin mai gadi ba.