Horon kare kan tafiya a gefen ubangidansa

Tafiya a gefen ubangida ita ce ginshiƙin gasar biyayyar karnuka. Kare yana bin mai shi ta hagu, kafaɗarsa daidai da ƙugun mutumin, ya juya in an juya, ya zauna da zarar an tsaya, da igiya ko babu. Helen Whitehouse Walker ce ta shirya gwajin farko a Amurka a 1933, ƙungiyar American Kennel Club kuma ta amince da dokokin gasar a 1936. Cikakken maki 200 ne, kuma sai da 170 ake tsallakewa.