Shekarar da Ferrari ta cinye tsere tun kafin damina ta yi nisa

A ranar 21 ga Yulin 2002, a filin Magny-Cours da ke tsakiyar Faransa, Michael Schumacher ya lashe kambun direbobi na gasar Formula 1 alhali saura tsere shida cur a kammala kakar. Ba a taɓa rufe gasar da wuri haka ba. Wannan ne kambunsa na biyar, wato ya kamo Juan Manuel Fangio, ɗan Ajantina, wanda ya kafa tarihin tun 1957. Sai dai in ka tambayi waɗanda suka bi tseren motoci a wancan zamani abin da suka fi tunawa da 2002, kaɗan ne za su fara da Faransa. Yawanci da ihun da aka yi wa Schumacher a Ostiriya za su fara, kuma akwai dalili.

Alƙaluman kakar su kaɗai sun isa bayani. An yi tsere 17, Ferrari ta ci 15. Schumacher shi kaɗai ya ci 11, ya zo na biyu sau biyar, na uku sau ɗaya, ma'ana babu tseren da aka tashi bai hau dandamalin karramawa ba. Ya gama da maki 144, abokin aikinsa Rubens Barrichello ɗan Birazil yana bin sa da 77. Makin da Ferrari ta tara, 221, daidai yake da na sauran ƙungiyoyin duka a haɗe.

Wannan rinjaye ba daga sama ya faɗo ba. Lokacin da Schumacher ya baro Benetton ya koma Ferrari a 1996, ƙungiyar tana fama da dogon fari: rabonta da kambun direbobi tun 1979, lokacin Jody Scheckter na Afirka ta Kudu. Jean Todt, Bafaranshen da ke shugabantar ƙungiyar, ya janyo Ross Brawn ya ba shi ragamar fasaha da dabarun tsere, ya janyo Rory Byrne ya ba shi zanen mota. Sai a 2000 aka karya farin. Motar da suka fito da ita a 2002, mai suna F2002, ita ce ƙololuwar wannan aiki, kuma don tsabar natsuwa ma ba su yi gaggawar fito da ita ba. Da motar bara Schumacher ya ci tseren farko a Ostareliya, sai a tsere na uku a Birazil ya hau sabuwar.

Akwai kuma maganar taya, wadda masu kallo ba su cika lura da ita ba. Kamfanoni biyu ne ke ba da taya a lokacin, Bridgestone na Japan da Michelin na Faransa. Williams tana tare da Michelin, kuma a 2002 McLaren ma ta koma can. Ferrari ta zama ita kaɗai babbar ƙungiya a hannun Bridgestone, don haka aka riƙa ƙera taya daidai da bukatar motarta da salon tuƙin Schumacher, yayin da Michelin ke raba hankalinta tsakanin abokan gaba biyu.

Cikin abokan hamayya, labarin Juan Pablo Montoya ya fi ban takaici. Ɗan Kolombiyan nan na Williams mai injin BMW ya zo na ɗaya a gwajin neman gurbi har sau bakwai, biyar daga ciki a jere: Monako, Kanada, Nürburgring, Silverstone da Faransa. A zagaye ɗaya tak babu wanda ya fi shi zafi, kuma a Monza ya yi zagayen da matsakaicin gudunsa ya haura kilomita 259 a awa. Amma bai ci ko tsere ɗaya ba a shekarar. A Monako da Kanada injin ya mutu masa. A Nürburgring tayoyinsa suka cinye, ya yi karo da David Coulthard, dukansu suka fita. Ranar Asabar tasa ce, ranar Lahadi kuwa, da ake raba maki, ta jajayen motoci ce. Ya gama na uku da maki 50. Ni dai ina ganin tarihi ya ɗan tauye masa haƙƙi, domin shi ne kusan kaɗai direban da ba ya kauce wa Schumacher a lanƙwasa, abin da ya jawo suka gogi juna a farkon tseren Malesiya da na Birazil.

Tsere biyun da suka kuɓuce wa Ferrari, ɗaya ya tafi ga Ralf Schumacher, ƙanin Michael, a Malesiya, ɗaya kuma ga Coulthard na McLaren a titunan Monako, inda ya riga Montoya shiga lanƙwasar farko ya kuma toshe hanya har ƙarshe. Mika Häkkinen, wanda ya fi kowa wahalar da Schumacher a shekarun baya, ya tafi hutu a ƙarshen 2001 bai dawo ba. Wanda ya gaje shi a McLaren, Kimi Räikkönen, matashi ne ɗan shekara 22, kuma shi ne ke gaba a Faransa saura zagaye biyar, sai ya taka man da motar Toyota ta Allan McNish ta zubar, ya zame ya buɗe hanya. Ta wannan kafa Schumacher ya wuce ya ɗauki kambu.

Yanzu sai Ostiriya, 12 ga Mayu. Barrichello ya fi Schumacher gudu a duk ƙarshen makon. Shi ya tashi a gurbin farko, shi ya ja ragamar tseren kusan daga farko har ƙarshe. Aka umarce shi ta rediyo ya ba da hanya. Ya jinkirta, ya jinkirta, sai da ya fito daga lanƙwasar ƙarshe, ana hango tutar kammalawa, sannan ya ɗaga ƙafa a gaban idon kowa. Schumacher ya wuce shi da tazarar da ba ta kai kashi biyu cikin goma na daƙiƙa ba. Filin ya ɓarke da ihun ƙyama. A kan dandamali Schumacher, cikin jin kunya, ya tura Barrichello matakin sama ya miƙa masa kofin.

Umarnin ƙungiya ba sabon abu ba ne a wannan wasa, kuma a lokacin babu dokar da ta hana shi. A wannan filin ma, shekara ɗaya kafin nan, an sa Barrichello ya sakar wa Schumacher matsayi na biyu. Hujjar Ferrari ita ce ta taɓa ganin yadda kambu ke suɓucewa: a 1999 Schumacher ya karye a ƙafa a Silverstone, aka mayar da fata kan Eddie Irvine, shi kuma ya rasa kambun da maki biyu. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Amma hujjar ba ta zauna ba a 2002. Tsere na shida ne kawai, Schumacher ya riga ya ci huɗu cikin biyar, yana da maki 44, mai bi masa Montoya yana da 23. Maki huɗu ne ribar wannan umarni, a kakar da ya ƙare da ratar 67. Abin da ya fusata mutane shi ne an nuna musu ƙarara cewa mota ɗaya tilo da za ta iya ja da Schumacher, wato ɗaya Ferrarin, an ɗaure mata ƙafa.

Hukumar FIA ta rasa inda za ta kama su kan abin da ya faru a kan hanya, sai ta ci tarar Ferrari da direbobinta dala miliyan ɗaya saboda saɓa ƙa'idar bikin dandamali, rabi a biya nan take, rabi a jingine. Wato an hukunta su kan wurin tsayuwa.

Abin mamaki, Ferrari ta sake jawo wa kanta surutu a Indianapolis ta Amurka a watan Satumba. Schumacher yana gaba, ya rage gudu dab da layi don motocin biyu su ƙetare tare, sai Barrichello ya riga shi da daƙiƙa 0.011. Wasu suka ce bashin Ostiriya aka biya, wasu suka ce kuskuren lissafi ne. Ko wanne ne, 'yan kallon Amurka da ake ƙoƙarin jawowa ga wasan sun ga sakamakon da ba gudu ne ya yanke shi ba. Wannan na cikin nasarori huɗu da Barrichello ya samu a shekarar, tare da Nürburgring, Hangare da Monza.

Kafin kakar 2003 hukumar ta sake fasalin dokoki. Aka haramta umarnin ƙungiya da ke sauya sakamakon tsere, dokar da ta yi wuyar aiwatarwa har aka soke ta bayan kakar 2010. Aka mayar da gwajin neman gurbi zagaye ɗaya ga kowane direba. Aka kuma sauya rabon maki: da na farko yana samun 10, na biyu 6, sai aka ɗaga na biyu zuwa 8, aka faɗaɗa rabon zuwa mutum takwas maimakon shida, don kada mai yawan cin tsere ya yi saurin ɓacewa.

A 2003 gyaran ya yi aiki, tare da taimakon tayoyin Michelin da suka inganta. Montoya ya ci Monako da Jamus, Räikkönen ya ci tserensa na farko a Malesiya, aka kai tseren ƙarshe a Suzuka ba a san zakara ba. Schumacher ya tsira da maki 93, Räikkönen yana da 91, duk da cewa tsere shida ɗaya ya ci, ɗayan kuma guda tak. Shekarar da ta biyo baya, 2004, Ferrari ta fito da wata sabuwar mota, Schumacher ya ci 12 daga cikin tsere 13 na farko.