Kwayil da Audugar Sigarin Lantarki: Yaushe Suke Lalacewa, Me Suke Yi wa Huhu?

Sigarin lantarki, wanda wasu ke kira shishar aljihu, iri-iri ne. Akwai wanda ake yarwa idan ya ƙare, akwai kuma wanda ake kwancewa a sake haɗawa da hannu. Idan kai ko wani naka a Fagge ko Sabon Gari yana shan na biyun, ya kamata ka san abin da ke cikinsa.

A kan na'urar akwai siririn ƙarfe da aka naɗe, wato kwayil, da auduga da aka zura ta tsakiyarsa. Audugar tana tsotso ruwan da ke ɗauke da nikotin da kayan ƙanshi, batir ya zafafa kwayil, ruwan ya zama tururin da kake zuƙa. Duk abin da ya taru a wannan ɗan wuri, huhunka zai nufa.

Gangar jikin na'urar takan yi shekaru. Auduga kuwa kwanaki kaɗan take yi, da wuya ta wuce mako guda ga mai sha kullum. Kwayil yakan kai 'yan makonni. Ruwa mai yawan zaƙi yana saurin kashe su duka biyun, domin zaƙin yana ƙonewa ya daskare kamar ƙanzo a gindin tukunya. Ƙurar hunturu ma ba ta barin su lafiya.

Alamun lalacewa ba ɓoyayyu ba ne: ɗanɗanon ƙauri, ƙaiƙayin maƙogwaro, auduga ta yi baƙi, tururi ya ragu, ko ruwa yana yoyo. Ƙaurin nan shi ne abin damuwarmu. Idan auduga ta bushe kwayil kuma yana da zafi, ruwan yana rikiɗewa ya fitar da gubobi irin su fomaldihaid, wanda aka tabbatar yana jawo ciwon daji, da akrolin mai ƙona hanyoyin numfashi. Shi kansa ƙarfen yana zaizayewa. A 2018 masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka sun samu dalma da nikel da kuromiyam a tururin na'urorin da mutane ke sha yau da kullum.

Saboda haka, da zarar ka ji ƙauri, ka dakata. Kada ka ce bari in lallaɓa zuwa gobe. Ka zubar da tsohuwar audugar, ka wanke sassan ƙarfen da ruwa mai tsabta bayan ka cire batir, ka bari su bushe sarai. Kada ka ƙona kwayil har ya yi jajir da sunan tsabtacewa. Kuma kada ka yarda a naɗa maka shi da ƙarfen da aka tsinto a shagon kayan wuta ko wurin mai gyaran fanka. Ba don shaƙa aka yi shi ba.

Batirin ma abin tsoro ne, musamman a zafin bazara da Kano kan haura digiri 40. Kada ka bar shi a mota ko a rana, kada ka jefa shi aljihu tare da makullai ko tsabar kuɗi. Idan ledar jikinsa ta yage, ya tashi daga aiki, domin yana iya fashewa.

Ga iyaye: ruwan nikotin yana ƙanshin alewa, ɗan kaɗan kuma yana iya halaka ƙaramin yaro. Idan yaro ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara, a garzaya da shi asibiti tare da kwalbar.

Gaskiyar magana, tsabtace na'urar yana rage haɗari ɗaya ne kawai. Nikotin yana nan, yana ƙara bugun zuciya da hawan jini, yana kuma kama mutum ya kasa bari. Mai juna biyu, mai asma, mai ciwon zuciya da yara matasa ba su da dalilin kusantar sa. Idan don barin taba ka fara, ka yi magana da likita kan yadda za ka rabu da duka biyun.

Ka je asibiti ba tare da jinkiri ba idan kana haki, ƙirji na ciwo, ko kana tari da jini. Tarin da ya kai mako biyu yana buƙatar gwajin tarin fuka, wanda kyauta ne a asibitocin gwamnati, ciki har da asibitin IDH da ke titin Faransa. Ka gaya wa likita abin da kake sha, da tsawon lokacin da ka yi kana sha, ka kuma tafi da na'urar da ruwanta.