Munshari: Abin da Marubuci Ya Riga Likita Gani

A labaranmu, mai munshari abin dariya ne: Alhaji mai tumbi, yana gurnani har maƙwabta su ji. Mu ma nan Tudun Wada a kan haka muka taso. Da dare muna dariyar munsharin Baba, da safe mu raka shi awon hawan jini. Ba mu taɓa haɗa biyun ba.

Wani marubuci ya fito da wannan hoto fili. A 1836, Charles Dickens na Ingila ya fara fitar da The Pickwick Papers. A ciki akwai Joe, yaro mai ƙiba, mai munshari, wanda barci ke sacewa ko yana tsaye. Sai a 1956 likitoci a Amurka suka sa wa irin wannan ciwo sunan littafin. A 1965 Henri Gastaut a Faransa ya auna masu barci, ya nuna cewa numfashinsu ɗaukewa yake yi sau da yawa cikin dare, saboda maƙogwaro ya toshe.

Tambaya ta rage: ƙiba ce ke kawo hawan jini da ciwon sukari, ko ɗaukewar numfashin ma tana da hannu? Ba a shaƙe ɗan Adam don gwaji, sai aka koma ga dabbobi. A 1992 Eugene Fletcher ya riƙa rage wa ɓeraye iskar oksijin yana mayar musu, kullum, har kwana 35. Jininsu ya hau. A 1997 masu bincike a Toronto suka riƙa toshe wa karnuka hanyar iska idan sun yi barci, jininsu ya hau har da rana. A 2003 Vsevolod Polotsky na jami'ar Johns Hopkins ya gwada ɓeraye masu ƙiba, ya ga jikinsu ya ƙara bijire wa insulin, wato hanyar ciwon sukari ke nan.

Dalilin kuwa, duk sanda iska ta yanke, jiki kan firgita, jijiyoyin jini su matse, sukari ya ƙaru a jini. Ɓera ba mutum ba ne, amma ya nuna inda za a duba. Na'urar CPAP ma, mai hura iska ta hanci, wadda Colin Sullivan ya bayyana a 1981 a Ostireliya, daga bincikensa kan karnuka ta samo asali.

Dickens bai san sunan ciwon ba, kallo ya yi da kyau, ya rubuta abin da ya gani. Idan za mu sake rubuta mai munshari, mu rubuta har da shirun da ke tsakanin munshari da munshari, da matar da ke zaune tana jiran ya ja numfashi. Idan kuma a gidanmu yake, mu kai shi asibitin koyarwa na Shika, mu faɗa wa likita abin da muka ji da dare.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.