Zumunci Mai Zurfi a Matsayin Garkuwa: Nazari a Kan Lafiya, Kwanciyar Hankali da Zuba Jari

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi wasu fitattun ayyukan likitanci da na tattalin arziki domin gano dalilin da ya sa shaƙuwa tsakanin mutane take tasiri a kan tsawon rai, da walwala, da dukiya. An jera hujjojin da aka samo daga Amurka kafaɗa da kafaɗa da ayyuka biyu da aka yi a kan Hausawa, ɗaya a ƙauyukan Zariya, ɗaya a unguwar Sabo ta Ibadan. Maƙalar ta nuna cewa abu biyu ne ke aiki a duk fagagen: sanin ainihin halin da mutum yake ciki, da ɗaukar wani kaso na asararsa. Inda aka sami kusanci babu waɗannan biyun, nan ake cin amana.

1.0 Gabatarwa

Idan Bahaushe ya tsaya gaisuwa, a numfashi ɗaya yake tambayar lafiya da iyali da kasuwa. Bai raba su ba. Haka kuma hadisin Anas ɗan Malik da ke cikin Buhari da Muslim ya haɗa sada zumunci da yalwar arziki da tsawon kwana. Ilmin zamani kuwa ya daɗe da raba waɗannan abubuwa gida-gida: lafiya ta likita ce, kuɗi na masanin tattalin arziki ne, zumunci kuma aka bar wa masu nazarin zamantakewa. Sai a 'yan shekarun nan hukumomi suka fara farga. Birtaniya ta naɗa ministar da za ta kula da matsalar kaɗaici a 2018, Japan ta bi sahu a 2021, sannan a 2023 babban likitan gwamnatin Amurka, Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗi yana kwatanta illar rashin cuɗanya da ta shan taba sigari har kara 15 a rana.

Tambayar da wannan maƙala take son amsawa ita ce: mene ne a cikin zumuncin yake yin wannan aiki? Yawan jama'a ne, ko wani abu daban?

2.0 Hanyar Gudanar da Bincike

Nazari ne na ɗakin karatu. An fifita ayyukan da suka bi mutane na tsawon shekaru, da waɗanda aka yi gwaji a cikinsu, a kan waɗanda suka yi tambaya sau ɗaya suka tafi. Dalili kuwa shi ne, duk wanda ya ce masu abokai sun fi lafiya, za a iya mayar masa da cewa ai ciwon ne ya kori abokan. Sai an san wanda ya riga wani kafin a yanke hukunci.

3.0 Abin da Jiki Yake Nunawa

Berkman da Syme (1979) sun bi manya 6,928 a gundumar Alameda ta jihar Kalifoniya tsawon shekara tara. Waɗanda suka fi ƙarancin hulɗa da jama'a sun fi mutuwa a cikin wannan lokaci: ninki 2.3 a maza, ninki 2.8 a mata. Bambancin bai gushe ba ko da aka cire tasirin taba da giya da ƙiba da yanayin lafiyar da mutum ya shigo da shi. Shekara 31 bayan haka, Holt-Lunstad da abokan aikinta (2010) suka tattara sakamakon bincike 148 da ya ƙunshi mutum 308,849, suka samu cewa masu ƙaƙƙarfar dangantaka sun fi sauran damar tsawon rai da kashi 50 cikin ɗari.

Gwajin Sheldon Cohen (1997) ya rage ƙarfin waccan suka ta cewa ciwo ne ke korar abokai. Ya ɗauki lafiyayyun mutane 276, aka ɗiga musu ƙwayar cutar mura a hanci, aka killace su ana jira. Waɗanda hulɗarsu ba ta wuce iri ɗaya zuwa uku ba sun fi masu iri shida ko fiye kamuwa da mura, fiye da ninki huɗu. Ƙwayar cuta ɗaya ce, jikin da ta tarar ne ya bambanta.

To amma wannan duk ƙidayar yawa ce. Maganar zurfi sai an koma binciken Jami'ar Harvard wanda aka fara a 1938 da ɗalibai maza 268, daga baya aka haɗa da samari 456 'ya'yan talakawan birnin Boston, jimla 724. An bi su daga ƙuruciya har tsufa, ana auna jininsu, ana tambayarsu, ana tambayar matansu. Robert Waldinger, wanda ke jagorantar aikin a yanzu, ya bayyana cewa gamsuwar mutum da dangantakarsa yana ɗan shekara 50 ta fi ma'aunin kitsen jininsa nuna yadda lafiyarsa za ta kasance a shekara 80. Waldinger da Schulz (2010) sun kuma bi tsofaffin ma'aurata 47 kwana takwas a jere. Waɗanda suke jin daɗin aurensu, ko ranar da ciwon jiki ya tsananta, walwalarsu ba ta faɗuwa sosai. Waɗanda zaman ya zame musu na haƙuri, ranar ciwo ranar baƙin ciki ce. Dole dai a faɗi gaskiya: rukunin farko na wannan bincike duk maza ne, kuma fararen fata, saboda haka ba a ɗauko shi a ɗora wa matan Rano ko na Maraɗi kai tsaye.

Akwai wani ƙaramin gwaji da ya fi burge ni, domin ya nuna abin ido da ido. Coan da abokan aikinsa (2006) sun kwantar da matan aure 16 a cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, aka ɗaura musu waya a idon sawu, aka ce idan wata alama ta fito a allo mai yiwuwa lantarki ya ja su. Wani zubin mace tana ita kaɗai, wani zubin tana riƙe da hannun baƙo, wani zubin kuma hannun mijinta. Da ta riƙe mijin, sassan ƙwaƙwalwar da ke tashi idan an ji tsoro sai su lafa, kuma lafawar ta fi yawa ga waɗanda aurensu ya fi daɗi. Hannun baƙo ya taimaka, amma kaɗan. A ɗaya ɓangaren, Kiecolt-Glaser (2005) ta yi wa ma'aurata 42 'yan ƙananan raunuka a hannu, ta ga cewa na masu yawan gaba da habaici yana warkewa ne da kashi 60 cikin ɗari kawai na saurin warkewar sauran. Ashe ba igiyar auren ce ke magani ba. Zaman doya da manja yana iya zama ciwo shi kansa.

4.0 Bashi da Jari a Tsakanin Waɗanda Suka San Juna

A nan ne ƙasar Hausa ta ba wa masana tattalin arziki darasi. Tsakanin 1988 da 1989, Christopher Udry ya zauna yana bibiyar magidanta 198 a ƙauyuka huɗu kusa da Zariya, yana rubuta kowane rance da aka bayar ko aka karɓa. Abin da ya gani ya saɓa wa littattafan banki. Kusan duk rancen tsakanin maƙwabta ne ko dangi. Ba a cika rubutawa ba, ba a cika kafa shaida ba, ba jingina, kuma sau da yawa ba a yanke ranar biya. Idan ambaliya ko ƙwari suka ci gonar wanda ya ci bashin, ko ciwo ya kwantar da shi, sai ya biya ƙasa da yadda aka sa rai, ko a ɗaga masa ƙafa. Abin mamakin shi ne, idan mai kuɗin ne masifa ta afka wa, wanda ya ci bashin yakan biya da ƙari. Udry ya kira wannan da bashin da ke aikin inshora.

Me ya sa banki ba ya iya haka? Domin manajan banki bai san ko da gaske ruwa ya ci gonar ba. Maƙwabci kuwa ta gefenta yake bi kullum da safe. Ƙarya ba ta da wurin ɓuya, kuma wanda ya ƙi biya da gangan za a kai ƙararsa wurin manyan gida ko mai gari, ya ji kunya a gaban waɗanda zai nemi rance wurinsu baɗi. Sai dai tsarin yana da iyaka, kuma Udry bai ɓoye ta ba: kariyar ba cikakkiya ba ce. Idan fari ya game ƙauye, mai bayarwa da mai karɓa duk jirgi ɗaya ya kwaso su.

Fatake sun magance wannan ta hanyar miƙa amana zuwa nesa. Abner Cohen (1969), wanda ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya bayyana yadda cinikin shanu yake tafiya. Falke ya taso daga Arewa da garke, ya sauka wurin mai gidansa, wanda zai ba shi masauki da abinci, ya ajiye masa kuɗi. Dillalan mai gida ne za su sayar wa mahauta Yarabawa, kuma bashi ake bayarwa, sai an yanka an sayar sannan a biya. Baƙo bai san mahaucin ba, bai ma jin yarensa. Mai gida ne ya tsaya masa: idan mahauci ya gudu da kuɗi, mai gida zai biya, in ba haka ba labari ya kai Arewa, kowa ya sauya masauki. Saboda haka aikin mai gida da yaransa kullum shi ne sanin mahautan nan ciki da waje, wane ne bashi ya yi wa katutu, wane ne kasuwarsa take gaba. Da ɗan gari akan ci gari, amma ɗan garin da kuɗinsa ke cikin lamarin.

Ko a manyan kasuwannin hannun jari abin bai sauya zane ba. Wani Cohen ɗin daban da Frazzini da Malloy (2008) sun gano cewa masu juya kuɗin jama'a a Amurka sun fi zuba jari mai yawa, sun kuma fi cin riba, a kamfanonin da shugabanninsu suka yi makaranta ɗaya da su, kuma ribar takan taru ne a lokutan da kamfanin ke fitar da sanarwa. Wato labari ne ke bin hanyar sanayya. Ko hakan adalci ne ga sauran masu saye, wannan wata magana ce.

5.0 Inda Sabo Yake Zama Turken Wawa

Fitattun masu zuba jari na Amurka, Warren Buffett da Charlie Munger, sun haɗu a garin Omaha a 1959, suka yi tafiya tare har rasuwar Munger a 2023 yana da shekara 99. Buffett ya sha faɗin cewa Munger ne ya raba shi da ɗabi'ar sayen ruɓaɓɓun kamfanoni don arha, ya karkata shi ga sayen nagari a kan farashin da ya dace, kamar kamfanin alewa na See's Candies da suka saya dala miliyan 25 a 1972. Har tsokanarsa yake yi da yawan cewa a'a. Amfanin abokin a nan shi ne ya san ka har ya san inda kake zamewa, kuma dukiyarsa tana tukunya ɗaya da taka.

A kwatanta wannan da Bernard Madoff, wanda aka kama a Disambar 2008 bayan ya nuna wa masu ajiya kimanin dala biliyan 65 a takarda, alhali kuɗin sabon shiga yake biyan na tsohon shiga da su. Da yawa daga cikin waɗanda ya cuta 'yan'uwansa Yahudawa ne da ƙungiyoyinsu na agaji, waɗanda suka shigo ta hannun abokai da surukai. Ba su bincika ba, domin bincike zai zama kamar zargi ga na gida. Mu ma mun ga irinsa a Nijeriya da MMM, wanda ya yi alƙawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a wata, ya kuma rufe asusun mutane a Disambar 2016. Ba talla ce ta fi shigar da mutane ba. Abokin aiki ne, ko ƙanin mata, ko wanda ake sahu ɗaya da shi a masallaci, ya miƙo waya ya nuna saƙon banki ya ce, "Wallahi Yaya, ni ma an biya ni."

Kuma mai yiwuwa gaskiya ya faɗa, an biya shi. Amma idan aka auna shi da ma'aunin mai gidan Sabo, ya faɗi ta fuska biyu. Bai san inda kuɗin yake zuwa ba, bai taɓa ganin wanda ke riƙe da su ba. Sannan idan kuɗin yayansa ya nutse, ba shi zai biya ba. Tsarin ma lada yake ba shi, kashi 10 cikin ɗari na abin da duk wanda ya kawo ya zuba, ko an dawo wa yayan da uwar kuɗinsa ko ba a dawo ba.