Wane ne Fir'auna? Labarin Annabi Musa a tarihin Afirka ta Kudu

1. Gabatarwa

Yahudawa da Kirista da Musulmi sun yi tarayya a labarin fitar Bani Isra'ila daga Masar. Shi ya sa a tarukan tattaunawa tsakanin addinai akan ɗauke shi tamkar tabarmar da kowa zai zauna a kai ba gardama. A cikin wannan maƙala za mu nuna cewa a Afirka ta Kudu labarin ya yi wa masu mulkin wariya aiki, kamar yadda ya yi wa waɗanda suka yaƙe su.

2. Karatun turawan Bowa

Daga wajajen 1835, turawan Bowa, jikokin Holandawa, suka fara ƙaura daga yankin Kap don guje wa mulkin Ingila. Ranar 16 ga Disamba 1838 suka ci rundunar Dingane, sarkin Zulu, a bakin kogin Ncome, bayan sun yi wa Allah alkawarin tunawa da ranar in ya ba su nasara. Masu wa'azi da marubutan baya suka zuba wannan tafiya cikin ƙirar littafin Fitowa: Ingila ce Fir'auna, Bowa ne zaɓaɓɓiyar al'umma, ƙasar da suka shiga kuma ta alkawari ce. Baƙar fatar da suka tarar a can sai ta faɗa gurbin Kan'aniyawa. A kan irin wannan karatu cocin Holandawa ya jingina goyon bayansa ga wariya, wadda ta zama manufar gwamnati daga 1948.

3. Juyin karatun

A 1982, a Ottawa, ƙawancen cocin Rifom na duniya ya yanke cewa kare wariya da sunan Linjila ɓata ne, ya kuma zaɓi Allan Boesak shugaba. A 1983 aka kafa gamayyar UDF, a 1985 kuma takardar Kairos ta fito. A ɓangaren Musulmi, Farid Esack da abokansa suka kafa ƙungiyar Call of Islam a 1984, suka shiga gamayyar. Wasu malamai suka soki wannan cuɗanya da Kirista da ƴan gurguzu. Amsar Esack, wadda ya faɗaɗa a littafinsa na 1997, ta dogara ga farkon Suratul Ƙasasi, inda aka ce Fir'auna ya rarraba mutanen ƙasa ƙungiya-ƙungiya yana raunana wani sashe. Kalmar mustad'afun, wato waɗanda aka raunana, siga ce ta wanda aka aikata wa abu: tana bayyana halin da aka jefa mutum ciki, ba ta tambayar aƙidarsa. Musa ma ya tsaya wa mutanensa duk da raunin imaninsu.

4. Kammalawa

Abin da ya haɗa Boesak da Esack shi ne sun yarda a kan wane ne Fir'aunan zamaninsu. Ba su daidaita a kan tauhidi ba, ba su kuma nemi yin haka ba. Muna ganin duk tattaunawar da ta ɗauko wannan labari dole ta tambayi wa aka ba gurbin Kan'aniyawa. Tun 1995, ranar 16 ga Disamba ta zama Ranar Sulhu a ƙasar.