Yadda Aka Yi Fama da Cinyewar Ƙarfen Dogo a Birnin Landan

Jirgin ƙasa ƙarfe ne bisa ƙarfe, duk kuwa inda ƙarfe biyu ke gogar juna sai sun ci juna. A birni abin ya fi tsanani, domin tashoshi kusa da juna suke, jirgi bai gama tashi ba sai ya ja birki, ga kwana da yawa, ga jirage suna bin juna tun asuba har tsakar dare.

Sa'ad da aka buɗe hanyar jirgin ƙarƙashin ƙasa a Landan, ran 10 ga Janairu 1863, yawancin dogon Ingila na baƙin ƙarfe ne mai taushi. A tashar Derby akwai wurin da ba ya wuce wata shida sai an sake shi. A 1856 Henry Bessemer ya gano dabarar tace ƙarfe ya yi tauri, kuma da araha. A 1857 aka shimfiɗa irinsa a wurin nan na Derby, ya yi shekara 16 yana aiki.

Sauran aibin yana wurin mahaɗa. Dā gajerun ƙarafa ake jerawa, a huda bakinsu, a ɗaure da noti. Kowace ƙafar jirgi ta wuce sai ta doki mahaɗar, har tsaga ta kama daga hudar. Ran Lahadi da dare, 5 ga Nuwamba 1967, irin wannan tsaga ta ɓalle a Hither Green, kudu maso gabashin Landan, jirgin da ya taso daga Hastings ya kauce, mutum 49 suka mutu. Daga nan aka gaggauta yi wa ƙarafan walda, su zama ɗaya miƙaƙƙe.

Duk da haka ba a huta ba. Ƙarfe mai tauri ba ya saurin cinyewa, amma ƙananan tsagu sukan fito a bisansa, su riƙa nutsawa ciki. Ran 17 ga Oktoba 2000 dogo ya farfashe a wata kwana a Hatfield, arewa da Landan, mutum 4 suka mutu. Abin takaici, an san da tsagun, aka yi jinkirin sake ƙarfen.

Bayan wannan aka ƙara himma wajen binciken cikin ƙarfe da na'ura mai aika sauti, da shafa giris a kwana. Da dare kuma, in jirage sun kwanta, sai jirgin wāshi ya fito da duwatsunsa, ya kankare bisan ƙarfen kaɗan tun tsagar ba ta nutsa ba.